Motar da Aka Shafa wa Launin Sama

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye can bayan duwatsu, inda babu hanya sai sawun shanu da wani rafi da dole a ratsa. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona da tsohuwar mota, irin mai dogayen ƙafafun nan da ke hawa dutse ta ratsa ruwa ba ta ko nishi. A zamanin mahaifin, motar shuɗiya ce shar, launin sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Amma shekaru suka bi ta kanta, rana ta sha shuɗin, tsatsa ta ci gefe-gefenta, har ta koma launin da ba shi da suna.

Mutumin yana da uwa, tsohuwa, wadda yanar ido ta rufe wa idanu biyu. Kullum da hantsi takan lallaɓa ta zauna a inuwar motar, ta jingina da ƙafar baya tana ɓarar gyaɗa. Sai aka sanar a majami'a cewa likitocin ido za su zo asibitin gari a ƙarshen damina, sau ɗaya suke zuwa a shekara, wanda ya makara kuwa sai baɗi. Mutumin ya yi murna ƙwarai, gama yana ƙaunar uwarsa.

Tun daga ranar ya shiga mafarkin ido biyu. Yana noma yana ganin abin: ga shi ya kamo hannun tsohuwa sun fito daga asibiti, an cire mata auduga, tana ƙifta ido, abu na farko da za ta gani kuwa motar mijinta ce, shuɗiya kamar ranar da ta ɗauko ta amarya. Yakan tsaya a tsakiyar kunya, fartanya a kafaɗa, yana murmushi shi kaɗai har shamuwa ta wuce bai sani ba.

To, ba shi da halin kai mota gari a fesa mata fenti. Sai ya ce shi ma ai yana da hannu. Ya sayo fentin mai irin na ƙofa, ya sirka da kananzir, ya yanko soson tsohuwar katifa, ya sayo samfefa don kankara. Ya wanke motar tas a ƙarƙashin ɗorawa, ya fara kankare ta.

Da farko aikin da daɗi. Amma da ya zo wajen ƙafar baya, inda sifirin mai tare girgiza ya kama ƙarfen da ke ɗauke da motar, sai ya ga yana kankara ƙarfe yana zuba kamar garin jar ƙasa. Ya danna ɗan yatsa, yatsa ya shige. Ya san idan ya ci gaba zai ga abin da ba ya so ya gani, kuma sai an kira mai walda, sai mota ta zauna tsirara a ƙofar gida kowa yana kallo.

Kun san yadda muke yi wa ɗakunanmu idan Kirsimeti ta gabato: inda bango ya tsage mu cusa laka, mu shafe da hannu, mu bi da farar ƙasa, shi ke nan ɗaki ya zama sabo. To, haka bawan Allahn nan ya yi wa ƙarfe, sai ka ce bangon ɗakin kakarsa. Ya cusa tsumma a ramin, ya narka kwalta ya liƙe, ya goge sumul, ya tsoma soso ya bi da shuɗi. Ni dai har yau abin yana ba ni haushi, mutum da wayonsa!

Amma kai, motar ta yi kyau. Da yamma rana ta haska ta, sai ka rantse wani yanki na sama ne ya sauko ya huta a gindin ɗorawa. Masu dawowa daga gona suka riƙa tsayawa suna yaba masa, shi kuwa yana ta sunkuyar da kai, daɗi ya cika shi.

Da fenti ya bushe, tsohuwa ta koma wurin zamanta. Ba ta ganin shuɗi, sai ta shafa da tafin hannu, sannu a hankali, yadda ake shafa bayan jariri. Hannunta ya bi gefe, ya gangara ƙasa, ya tsaya a wurin nan.

Ta ce, “Auta, nan wurin ba ƙarfe ba ne.”

Ya ce mata ta bar damun kanta, sabon fenti ne bai gama ƙarfi ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Damina ta sauka sosai. Ruwa ya sami tsumman nan ya kwanta a ciki, tsatsa tana ci ta ƙarƙashi, shuɗi yana ta walƙiya a sama. Ranar tafiya ta zo. Ya zaunar da uwarsa a gaba da sabon zanenta, suka gangara dutse lafiya, suka shiga rafi. A tsakiyar ruwa ƙafar baya ta daki dutse, aka ji ƙas, wurin da ya liƙe ya ɓalle, mota ta durƙusa. Ya goyo tsohuwa ya fitar da ita bakin gaɓa. Kafin a sami shanun da za su jawo motar, kafin a sami wata hanyar zuwa gari, likitoci sun tattara kayansu sun tafi.

Mutumin ya zauna a kan yashi ya yi kuka, gama ya san shi ya ƙara wa uwarsa shekara guda a cikin duhu. Ya faɗa mata gaskiyar abin da ya yi. Ba ta yi masa faɗa ba, ta lalubo kansa ta dafa.

Duk ranin nan yana ƙarƙashin mota. Ya kankare shuɗin da hannunsa, ya bi tsatsa har inda ta tsaya, ya kira mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya sa lafiyayye, ya shafa jan fentin da ke hana tsatsa. Motar ta zama dabbare-dabbare, masu yabo jiya suka koma dariya. Lokacin sake shafa shuɗi bai samu ba, likitoci suka dawo. A haka ya ɗauki uwarsa, suka ratsa rafi, suka isa.

Da aka yi mata aikin ido aka cire mata auduga, ya kamo hannunta suka fito. Ta ƙifta ido, ta dubi motar, ta daɗe tana kallo. Kunya ta kama shi, ya fara ba ta haƙuri. Sai ta yi dariya.

Ta ce, “Mummuna ce kam, Auta. Amma ita ta kawo ni.”

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Motar ita ce rayuwar kowannenmu. Tsatsa kuwa zunubin nan ne da ka taɓa kai yatsa wurinsa ka ji ya shige, ka janye hannu da sauri. Fentin shi ne kyakkyawar rigarmu ta Lahadi da daɗin bakinmu, har da waƙar da muke rerawa. Ba laifi ba ne a yi kyau, mutumin nan ma ƙauna ce ta sa shi shafa shuɗi. Laifinsa shi ne ya ga ramin, ya rufe. Hannun tsohuwa shi ne muryar Ubangiji, wadda ba ta ruɗuwa da launi, takan tsaya daidai wurin da ka liƙe. Rafin kuwa ranar gwaji ce, kuma ba kai kaɗai za ta sama a cikin motar ba: akwai matarka a ciki, akwai 'ya'yanka, akwai duk wanda ya dogara gare ka ka kai shi.

Tuba tana da zafi, tana sa mutum ya yi muni a idon maƙwabta na ɗan lokaci. Ka bar Ubangiji ya kankare, ya yanke, ya sa sabo. Idan akwai wurin da ka cusa tsumma, kai ka san wurin. Ka koma gida yau ka ciro shi, tun rafi bai cika ba.