Dalilin da Ya Sa Ake Yi wa Shayin Maca Rumfa

Dalilin da ya sa ake yi wa gonar shayin maca rumfa, a hana ta rana ana gab da tsinkar ganye, ba wani mai ilimi ne ya zauna ya ƙago shi ba. Ku da kuka ga koren garin nan a gwangwani kuka ɗauka na miyar kuka ne, har wani a cikinku ya tambaya ina tuwon, ku matso ku ji. Shayi ne, daga ƙasar Japan ake kawo shi, kuma koren nan nasa da daɗinsa duk a inuwa ya samo su. Amma da can ba haka abin yake ba.

An ce a wani ƙauye da ke tsakanin duwatsu a ƙasar tasu, kowane gida noman shayi yake yi. Tun a lokacin sun iya turara ganyen, su shanya, su cire jijiyoyinsa, su niƙa a dutse, sannan su burga garin da ruwan zafi. Sai dai launinsa na busasshiyar ciyawa ne, ɗacinsa kuwa kamar maɗaci. Suna sha ne don yana korar barci yana wartsake jiki, har suka sa a ransu cewa ɗacin ne maganin. Sai ka ga tsoho ya kurɓa, fuska ta yamutse, hawaye ya taru, sannan ya ce bana shayi ya yi kyau.

Mutanen ƙauyen sun yarda shayi ɗan rana ne, don haka suka kafa doka biyu. Duk wanda ya jefa wa shayin wani inuwa, ko da bishiya ko da katanga, sai ya bar garin. Kuma daga ranar da sabon toho ya fito har a tsinke shi, ba mai taka gonar wani, ko da kazarsa ce ta shige.

A bakin ƙauyen akwai wata dattijuwa mai saƙar tabarma, sunanta Oriku. Ba 'yar garin ba ce, aure ne ya kawo ta. Mijin ya rasu, ba ta da ɗa a raye, garinsu kuma ba sauran wanda zai gane ta. Abin da ya rage mata a duniya ɗan ɗakinta ne da kabarin mijinta a kan tudu.

Bayan ɗakin nata 'yar gonar wani mutum ce mai suna Tamezo. Shi Tamezo muryarsa ta fi jikinsa girma, in ka gaishe shi da hanci yake amsawa. Amma duk shekara in an yi girbin shinkafa, sai ya tara wa Oriku karan shinkafar a ƙofa don saƙarta. In ta fito za ta yi godiya, ya riga ya ba da baya, yana cewa shara ce ya rasa inda zai zubar. Haka godiya ta yi ta taruwa a zuciyar Oriku shekara da shekaru, ta rasa inda za ta sauke ta.

Wata shekara, toho ya fara leƙowa ke nan, ciwon ƙafa ya kwantar da matar Tamezo. Ya goye ta ya tafi da ita wani marmaro mai ruwan zafi a bayan dutse, inda ake kai masu irin ciwon. Ya yi zaton ba zai daɗe ba, ciwo kuwa ya riƙe su.

Ran nan da la'asar iska ta ɗauke cak, sama ta yi fes, wani sanyi ya fara saukowa daga kan duwatsu. Kowa a garin ya san irinsa. Kafin gari ya waye raɓa za ta daskare a kan ganye, ta ƙone ɗanyen toho. Masu gonaki suka duba sama, suka ce abin da ya sauko daga can ba a faɗa da shi, suka shige ɗaka.

Oriku ta tsaya a bakin shingenta tana kallon tohon Tamezo, ƙanana kamar kunnen ɓera, mai su ba ya nan. Ta san doka sarai. Amma ta ce a ranta, rana ai faɗuwa za ta yi, wanda ya rufe shayi bayan ta faɗi bai hana shi komai ba. Da asuba za ta kwashe, ba wanda zai sani. Ta tsallake shingen. Ta kakkafa sandunan gora da take shanya saƙa a kai, ta kwaso duk tabarmin da ta tara don kasuwa, ta shimfiɗa su a bisa har gonar ta rufu. Ta gama duhu na shigowa, gumi ya jiƙa ta, sanyi kuma ya sami hanya.

Da gari ya waye ko kanta ta kasa ɗagawa. Zazzaɓi da tari suka danne ta.

Matan unguwa suka zo jinya, ba su yi ƙasa a gwiwa ba, wannan ta kawo kunu, waccan ta hura wuta. Duk wadda ta matso sai Oriku ta kama hannunta ta roƙe ta ta je ta yaye tabarmin nan. Kowacce sai ta ce to, Inna, kwanta ki huta, ta fita ta kama harkarta. Ba mugunta ba ce. Kafin ka yaye tabarma sai ka taka gonar Tamezo, ga shi toho ya fito.

Maza kuwa kullum sai sun taru a bakin iyaka, hannuwa a baya, suna girgiza kai suna cewa wannan ɓarna da me ta yi kama. Dagaci da kansa ya zo da sandarsa ya duba, ya ce lalle an karya doka, amma shi ba zai karya ta biyu don ya gyara ta farko ba. Gari guda na manyan mutane suka tsaya suna kallon abin da hannu ɗaya zai janye. Rana ta yi ta fitowa tana faɗuwa, ruwa ya zuba, tabarmi suna nan.

Sai bayan makonni Tamezo ya dawo da matarsa, ta sami sauƙi tana ɗingishi. Oriku ta fara iya zama ke nan ta ji ihunsa ta bayan ɗaki. Ya yi ta fizgar tabarmin yana jifa, duk sun ruɓe, aikinta na shekara ya tafi. A ƙarƙashi ya tarar da ganyen da bai taɓa ganin irinsa ba: kore shar har yana neman yin duhu, mai faɗi, siriri, ga laushi. Na maƙwabta sanyi ya ƙone, amma wani ya sake fitowa, mai tauri da ɗan rawaya, yadda suka san shayin kirki. Nasa kaɗai ne ya fita daban, ya ce ciwo ne ya kama shi.

Ya zo ƙofarta yana huci. Ta lallaɓo ta dafa bango, ta faɗa masa yadda aka yi, da sanyin, da niyyarta, da ciwon da ya kayar da ita.

"Wa ya aike ki?" in ji shi. "Sanyi daga sama yake, ba na ƙarar sa. Inuwa kuwa hannun mutum ne ya kawo ta."

Ta ce, "Tamezo, alheri na nufa."

Bai saurara ba, ya wuce gidan dagaci, yana tafe yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa an kashe masa gonar kakansa.

Dagaci ya ce doka a fili take, amma a garin nan ba a korar mutum a kan asarar da ba a ɗanɗana ba. Mai gona zai tsinki ganyen, ya gyara shi da hannunsa, ya burga a gaban jama'a ya sha. Shi kaɗai zai sha, kuma abin da ya faɗa shi ke nan. In ya ce ya lalace, Oriku ta bar gari a ranar.

Kwanakin da suka biyo baya Oriku tana jin ƙarar dutsen niƙa ta bayan shinge, a hankali, a hankali, don garin shayi ba ya son gaggawa. Ba ta sa ran komai ba. Ta ɗaure 'yan kayanta a zane, ta hau tudu da safe ta yi sallama da kabarin mijinta, ta cire ciyawar da ta fito a kai don ba ta san wanda zai cire ta nan gaba ba. Tafiyar tana ba ta tsoro, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne sau ɗaya ta tashi rama alheri, ya koma cuta.

Ranar hukunci gari ya cika ƙofar dagaci. Oriku ta zauna a gefe, ƙunshinta a kusa da ƙafa. Tamezo ya buɗe 'yar tukunya, mutane suka ga koren garin suka fara gunaguni, wani ya ce wannan ai gansakuka ce. Ya ɗiba ya zuba a kwanon ƙasa, ya tsiyaya ruwan zafi, ya sa maburgin gora ya burga har kumfa ta rufe. Ya ɗaga kwanon, ya yamutse fuska tun kafin ya kai baki, yadda kowa ya saba. Ya kurɓa.

Oriku tana kallonsa. Ta ga fuskar ta tsaya a yamutse tana jiran ɗaci, sannan ta fara sakuwa kaɗan kaɗan. Ya sake kurɓa. Ya dubi cikin kwanon, ya dubi jama'ar da ya cika wa kunne da ihu. Nan gabanta ya faɗi, don ta san halin mutumin. Ko mene ne ya ji a bakinsa, ba wanda zai iya ƙaryata shi, kuma cewa ya lalace ya fi masa sauƙi a kan ya janye maganarsa a bainar jama'a.

Dagaci ya tambaye shi me ya gani. Shi kuwa Tamezo sai ya sake jawo 'yar tukunyar. Ya ɗauraye kwanon, ya zuba wani garin, ya sake burgawa. Ya tashi ya ratsa mutane har inda take, ya durƙusa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Yaya Oriku, karɓi ki sha."

Ta ɗauka so yake ta haɗiye ɓarnarta kafin ta kama hanya. Ta ce a ranta hakkinsa ne, ta karɓa ta rufe ido ta sha. Ɗan ɗaci ya taɓa harshenta ya wuce, sai wani garɗi ya biyo baya kamar na romo, ga laushi, ga ɗan zaƙi da ya zauna a maƙogwaro. Ɗumin ya sauka har ƙirjinta da tari ya gajiyar.

Ta buɗe ido ta ce, "Wannan daga gonarka ya fito?"

Ya ce, "Daga ƙarƙashin tabarminki ya fito." Ya juya wajen dagaci, muryar nan tasa mai cika gari ta yi ƙasa. "Ranka ya daɗe, ban yi asara ba. Ita ce ta yi, tabarminta da lafiyarta, saboda gonata. Ni kuma na saka mata da ihu." Ya sake dubanta ya sunkuyar da kai har goshi ya kusa taɓa ƙasa. "Na gode, Yaya. Ki yafe mini, ki kwance kayanki."

Oriku ta kai hannu ga ƙunshin, amma ta ɗaure shi tamau don tafiya mai nisa, ta kasa kwancewa. Matar Tamezo ce ta ɗingiso ta zauna kusa da ita, suka kwance ƙullin tare. Oriku ta yi kuka a wurin, ba ta ɓoye ba, kukan farin ciki ne da na godiya.

Aka zagaya da kwanon, kowa ya taɓa, masu cewa gansakuka suka fi kowa neman ƙari. Dagaci ya shafa gemu ya ce doka tana nan, amma inuwar da mai gona ya roƙa da bakinsa ba laifi ba ce. Da shekara ta zagayo sai ga masu gonaki a ƙofar Oriku tun da sassafe, kowa na roƙon inuwa. Hannunta bai isa ba, ta zaunar da matan garin ta koya musu saƙa. A garin ta ƙarasa tsufanta, a kan tudun nan kuma aka kwantar da ita kusa da mijinta.

Shi ya sa har yau, in tohon shayin maca ya fito, sai manoma su kafa masa rumfa su rage masa rana na 'yan makonni, don ganyen ya yi kore, ɗacinsa ya karye. Wasu sun koma amfani da baƙin yadi, wasu suna nan a kan tabarma da kara. Kuma in aka burga aka miƙa maka kwanon, ba a fizga da hannu ɗaya. Hannu biyu ake sawa, a sunkuya a yi godiya tukuna, sannan a kai baki.