Faifan Tagulla na Masar

An ruwaito a littattafan mutanen farko cewa a birnin Tarmasu an yi wani sarki mai suna Yahuza, wanda ko kilisa ba ya fita sai an duba masa taurari. Mai duba masa shi ne Malam Zubairu, dattijo mai tsoron Allah da tsoron sarki, na biyun ya ɗan fi yawa.

Wata shekara Madugu Tanko ya kawo wa sarki tsarabar usturlabi daga Masar, wato faifan tagulla da ake auna rana da taurari da shi. Sarki ya ba Malam faifan, shi kuwa ya yi murna, ya jingine tsohon lissafinsa. Ba a jima ba aka haifa wa sarki ɗa namiji bayan dogon jira. Malam ya auna sa'ar haihuwa da sabon faifai, sai ya je gaban sarki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, burujin yaron nan ya nuna a hannunsa ajalin mahaifinsa yake."

Sarki ya kasa ci, ya kasa barci. Kafin ranar suna ya kira madugu ya ce, "Za ka tafi da jaririn nan hayin sahara, ka ba wanda ka ga dama. Kada ya san hanyar gida."

Hankalin madugu ya tashi, don ya san jariri ba ya ƙetare sahara da rai. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a ba ni izinin labari ɗaya. Na taɓa ɗaukar wani jagora mutumin Masar, gwani ne, ba ya ɓata a ƙasarsu. Da muka yiwo kudu sai ya riƙa neman tauraron arewa can sama inda ya saba ganinsa, alhali ya sauko dab da ƙasa. Ya rantse sama ta lalace. Saura kaɗan ƙishirwa ta gama da mu."

Fadawa suka yi dariya, amma ban da Malam Zubairu. Ya juya faifan, ya ga sunan birnin Masar da aka zana shi dominsa. Ya san in ya yi shiru yaro ya tafi, in ya yi magana watakila kansa ne zai tafi.

Can ya ce, "Zaki, na yi kuskure. Kowane faifai da samaniyar garinsa. Na auna ɗanka da ta Masar. Abin da na faɗa ba nasa ba ne."

Malam ya ƙara da cewa, "In an yarda, in sake dubawa da lissafinmu na gida."

Sarki ya yi tunanin abin da zai yi idan dubawa ta biyu ta fito kamar ta farko. Sai ya ce, "Kada ka duba, Malam. Ku kawo mini ɗana."

An ce ya yi wa malam da madugu kyautar riguna, aka raɗa wa yaro suna. Masu hikima suka ce, mai auna sama ya fara sanin ƙasar da yake tsaye a kai. Abin da yaron ya zama kuwa, littattafan ba su faɗa ba, ni ma ban duba ba.