Gaɓar Kawa ta 'Ya'yan Iya Dudu

Ku gyara zama, wannan sai kun yi mini hukunci.

A wani zangon Hausawa na bakin teku, Iya Dudu ta rasu ta bar wa 'ya'yanta mata uku gaɓar da take cirar kawa, naman ruwan nan mai ɓawo. Lantana, babbarsu, ba ta jure a ce Bahaushiya ƙazama ce. Da maƙwabta suka yi musu gorin duwatsun gaɓarsu masu yauƙi, sai ta sa aka dirje su tas da soso da sabulu. Duwatsu suka yi fes, kawa kuwa ta ɗauke ƙafa.

Mai gari ya aiko cewa gaɓar da ba ta ba da komai, masu haƙar yashi zai ba.

Lantana ta ce wa ɗan aiken, "Ka gaya wa ranka ya daɗe, sai dai su haƙa da ni."

Kubura, autarsu, tana aiki a wurin masu binciken ruwan teku. Ta duba duwatsun ta ce, "Yaya, ai yauƙin nan ba datti ba ne. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma wani sinadari da suke fitarwa shi ke kiran 'ya'yan kawa su zo su manne. Kin wanke mai kiran." Ba don ita ba, da har yau suna zargin maita.

Tasalla, ta tsakiya, ita ta san wani tsibiri mai tsofaffin duwatsu da yauƙinsu. Masunta maza suka ƙi kai ta saboda igiyar ruwa. Ta tuƙa kwalekwale ita kaɗai, ta kwaso duwatsun cikin randuna cike da ruwan gishiri don kada su bushe. Ta dawo tafin hannunta duk ya saɓule, suka jera duwatsun a gaɓarsu.

Kafin kawa ta kama, injin haƙar yashi ya iso. Lantana ta ɗaure zane, ta shiga ruwa har ƙirji, ta tsaya a gaban bakinsa. Aka yi lallashi, aka yi barazana, aka kira ta mahaukaciya. Kullum gari ya waye tana nan, ƙafafunta sun kumbura, kunya da haushin abin da ta jawo suna cin ta. Ba ta gusa ba sai ranar da aka ɗago dutse aka ga ƙananan kawa sun lulluɓe shi.

Mai gari ya janye maganarsa. Amma al'adar wurin, gaɓa sunan mutum ɗaya take amsawa, kuma 'ya'yansa ke gadonta. Kowacce ta ce ba ta sakin haƙƙinta, har da Lantana da ta fara ɓata lamarin.

To, ku faɗa mini: da wadda ta gano ciwon, da wadda ta ɗauko maganin, da wadda ta tare injin da jikinta, sunan wa za a kira gaɓar nan da shi?