Kek Ɗin da Ya Riga Ƙuri'a

Ku yaran yanzu ba ku da kunya. A ba ku kujera, kafin ta ɗumama kun fara kallon waɗanda suka zaɓe ku kamar masu takura muku. Ni ban yi nisa a karatu ba, tun ina ƙarama na koma gonar mahaifina, amma na san abin da ya shafi 'ya'yan jama'a a gaban jama'a ake yin sa. Bakina ya gaji da faɗa. Ku karanta wannan, in haƙurinku zai kai.

Akwai wani matashi a garinmu, Tanner Lindgren, mai sayar da injinan noma. Muka zaɓe shi cikin kwamitin makarantun gunduma, 'yan kwamitin kuma suka ba shi shugabanci. Abu na farko da ya yi shi ne sayen ƙararrawa. Duk uwa ko uban da ya tashi magana a taro, kafin ya kai tsakiya sai ka ji ƙararrawa.

"Lokacinki ya ƙare, Iya. Na gaba."

A shekarar ne babban shugaban makarantun gundumar ya yi ritaya. Wanda ya hau wannan kujera shi ke ɗaukar malamai, shi ke cewa wace makaranta za a gyara, wacce za a rufe. Doka ta ce kwamiti ya kaɗa ƙuri'ar naɗa shi a taro, ƙofa a buɗe. Al'adarmu kuma, kafin ƙuri'a, masu neman aikin su zauna a zauren wasanni na makaranta, iyaye su yi musu tambayoyi.

Cikin masu nema akwai Malama Marlys Tollefson, shugabar makarantar firamare. Rabin garin nan ita ta koya musu karatu, har da Tanner ɗin. Gashinta ya yi fari a aikin nan, kuma wannan ce damarta ta ƙarshe kafin ita ma ta ajiye. Ta je shagonsa ta tambaye shi ido da ido.

"Tanner, ka faɗa mini gaskiya. In kun riga kun tsayar da wani, kada in wahalar da kaina."

"Haba Malama! Ƙofa a buɗe take. Kowa da ƙoƙarinsa."

Ƙarya yake. Tun lokacin farautar barewa ya kai wasu 'yan kwamitin bukkarsa ta daji, suka ci nama, suka gama magana. Abokinsa Wendell Pruitt, wani mai digiri daga birni, shi za a ba. Taron iyaye kuwa, a yi shi don a ce an yi.

Malama Marlys ta yarda da shi. Ta yi makonni tana shiri, tana bin motocin ɗaukar yara har ƙauyukan nesa don ta ga hanyoyin da idonta.

Ranar taro aka yi sanyi mai tsanani, amma zauren ya cika. Manoma suka baro aiki, mata suka zo da jarirai. Wendell ya yi magana mai daɗin ji, sai dai da aka tambaye shi makarantar ƙauyen da rufinta ke yoyo, bai ma san sunanta ba. Malama Marlys ta fara bayanin yadda za a gyara rufin, ƙararrawa ta katse ta. Ta dubi Tanner, ɗalibinta na da, ta koma ta zauna.

A wajenmu ba a taro ba kofi da ɗan abin taɓawa. Matan coci ne ke kawowa, shugabarsu kuwa Trudy Haugen, tsohuwa mai kaifin baki. Da aka yi hutu, jama'a sun fi yadda aka zata, biskit ya ƙare. Trudy ta shiga kicin ɗin makaranta neman abin da za ta ƙara. Ta buɗe firji ta ga babban kwalin kek. Ta ɗauka wani ne ya kawo don taron, ta ɗauko shi, ta ajiye a tebur a tsakiyar jama'a, ta ɗaga murfin.

A kan kek ɗin an rubuta da shuɗin sukari: Barka da zuwa, Shugaba Pruitt.

Saura mako guda a kaɗa ƙuri'a. Ashe Tanner ya shirya wa abokinsa 'yar walima da 'yan kwamiti bayan an watse, a nan cikin kicin.

Trudy ta gyara tabarau, ta karanta da ƙarfi, sannan ta juyo wajen Tanner.

"Kai ɗan nan, zo nan. Yaushe aka yi zaɓen? Ko barci na yi?"

"Goggo Trudy, ai kuskure ne daga masu toyawa..."

"Masu toyawa suka naɗa shi? To me ya sa ba mu zaɓe su a kwamitin ba, mu huta da ku?"

Wani manomi daga baya ya ce, "Na bar shanuna ba abinci don in zo kallon wasan kwaikwayo!"

Tanner ya ɗaga ƙararrawa yana bugawa. Ba wanda ya saurare shi. Wendell ya ɗauki rigar sanyinsa ya sulale ta ƙofar baya, ba mu ƙara ganinsa ba. Malama Marlys ta tattara takardunta a hankali. Da ta zo wucewa ta gaban Tanner ta tsaya.

"Ai na tambaye ka, Tanner."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Abin da ya biyo baya ya gajiyar da kowa. Aka soke neman sabon shugaban makarantun gaba ɗaya, aka sake daga farko. Makarantu suka yi wata da watanni ba shugaba, rufin nan ya ci gaba da yoyo a kan yara, malamai biyu masu kirki suka koma wata gunduma. Mu tsofaffi muka bi gida-gida cikin dusar ƙanƙara da ciwon gwiwa, muna neman goyon bayan a sake zaɓe. Aka cire Tanner da abokan farautarsa. Trudy ta tsaya takara ta hau kujerarsa. Sabon kwamiti ya yi tambayoyinsa a gaban kowa, ya kaɗa ƙuri'a a gaban kowa, Malama Marlys ta samu aikin.

Bayan shekara aka canza hanyar motar da ke ɗaukar 'yar Tanner, yarinya ta koma doguwar tafiya a ƙasa cikin sanyi. Dole ya zo taro. Ya shiga layi a bayan mutanen da ya saba katsewa, ba wanda ya matsa masa, ba wanda ya gaishe shi. Da layi ya zo kansa, ya fara bayani. Bai kai ga roƙonsa ba Trudy ta miƙa hannu ta buga ƙararrawar da ya saya da kansa.

"Lokacinka ya ƙare, ɗan nan. Na gaba."

Darasi: Kujerar da jama'a suka ba ka aro ce, kuma abin da ka ƙulla a bayansu a gabansu za a kwance shi. In ba za ka iya faɗin shawararka ƙofa a buɗe ba, kada ka yanke ta. Ku tura wa duk wani matashi da ya hau kujera ya manta wa ya ɗora shi.