Na Ji, Baba, Na Ji

Akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya, alhali bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ba. Ma'aikacin ofis ne a wani kamfanin sufuri. Sunan ya samo shi tun yana yaro, ranar da ya kwance rediyon mahaifinsa da bakin almakashi don ya ga mutanen da ke magana a ciki. Mutane dai bai gani ba, amma ya sha duka, rediyon kuma bai sake yin tari ba.

Mahaifin nasa tela ne, mutum mai tsadar magana. In ka zo na ɗaya a makaranta ya ce, "To." In ka gyara masa fanka ya ce, "Allah Ya sa kada ta kama da wuta." Tun ranar rediyon nan yake kiran ɗan nasa Ɓarnau, bai kuma taɓa canzawa ba.

Injiniya ya girma, ya yi aure, ya haihu, amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai. So yake sau ɗaya tak ya ji Baba ya ce, "Ka iya." Ba ya faɗa wa kowa, amma duk wayar da ya haɗa a duniya, wannan kalmar yake nema.

Ɗakin ajiyar gidansa ya mayar ɗakin kwamfuta. Tsofaffin kwamfutoci ne jere a kan katako, fankokinsu na gurnani, ƙananan fitilu na ƙyaftawa, wayoyi sun nannaɗe ƙafar tebur. Fitilun gidan da waya ake kunna su, ƙofa da waya ake buɗe ta. Matarsa takan ba baƙi labarin ranar da intanet ya ɗauke, suka ci abinci cikin duhu ga makunni a bango yana kallonsu. Kowa ya yi dariya ban da shi.

Ana nan sai tsufa ya taso wa Baba. Mahaifiyarsu ta riga ta rasu, shi kaɗai ne a tsohon gidansu da ke can ɗaya gefen gari, ya kuma rantse ba zai koma gidan kowa ba. Wata rana santsi ya kwashe shi a banɗaki, ya daɗe a ƙasa kafin maƙwabci ya ji shi.

Yayar Injiniya, malamar makaranta ce, ta zo ta same shi.

"Mu raba kwanakin," in ji ta. "Yau ni, gobe kai. Ko ba komai a zauna da shi ya sha shayi."

Injiniya ya yi irin murmushin nan da ke ƙona mata rai. "Yaya, ke har yanzu a zamanin ƙafa kike. Ba ni mako guda, zan sa wa Baba idon da ba ya barci."

"Ido yake so ko mutum?"

"Ki dai zuba ido."

Ya kuwa yi aiki, a ba shi haƙƙinsa. Ya kafa kyamara a falo, daidai saman tsohon keken ɗinkin Baba, tana kallon kujerar da yake zama. Ya haɗa ta da kwamfutar gidansa, yadda komai zai riƙa taruwa a can. Ya saita ta yadda da zarar tsoho ya faɗi, wayarsa za ta yi ƙara.

Baba yana zaune yana kallonsa a kan tsani. Ya ce, "Ɓarnau, wannan kuma me za a lalata mini?"

"Baba, wannan ni ne," in ji Injiniya yana share gumi. "Duk inda nake ina ganinka. Duk abin da ka faɗa a ɗakin nan ina ji."

"Komai?"

"Komai. Ko tari ka yi."

Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ɗan baƙin idon nan. Sannan ya ce, "To."

A lokacin gaskiya Injiniya ya faɗa. Kwanakin farko har a ofis yakan buɗe waya ya nuna wa abokan aiki. Ga Baba yana shan shayi, ga Baba yana faɗa da zare ya ƙi shiga allura. Suka ce lallai Injiniya ba a banza ba, kansa ya ƙara girma.

Sai sauti ya fara damunsa. Keken ɗinki ya yi ƙara, waya ta yi ƙara. Yaran maƙwabta su buga ƙwallo a ƙofa, waya ta yi ƙara. Ga ma'ajiyar kwamfutar tana cika da hayaniyar banza. Wata Asabar da safe ya zauna ya gyara abinsa tsaf. Ya kashe ɗaukar sauti gaba ɗaya, ya bar hoto, ya bar ƙararrawar faɗuwa. Ya jingina da kujera ya ce wa kansa ai gani ya kori ji.

Bai gaya wa Baba ba. Ba mugunta ba ce, bai dai ga abin faɗa ba ne a ciki.

Daga nan zuwa ya fara ja da baya. Me zai je yi, ga alama koriya a waya tana cewa lafiya lau? Leƙen ma ya ragu, daga kullum ya koma in ya tuna. Yaya ce ke zuwa bayan ta tashi daga makaranta, ta share, ta wanke, ta jera magunguna. In ta kira shi ta ce Baba na tambayarsa, sai ya ce, "Yanzu ma na gan shi, ƙalau yake."

Baba ba ya son waya, kunnensa ya yi nauyi, hirarsa a waya ba ta wuce gaisuwa. Amma sai ya ɗauko wata sabuwar tambaya. Duk ranar da Injiniya ya kira, kafin a kashe sai ya ce, "Ka dai ji abin da na ce maka da safe?"

Karon farko Injiniya ya yi turus. Yana tsakiyar haɗa wata sabuwar na'ura, waya maƙale a kafaɗa. In ya ce bai ji ba, sai dogon bayani, sai kuma Baba ya ce ai dama ya san abin Ɓarnau ba ya ƙarko. Wannan kuwa ba zai iya haɗiyewa ba.

"Na ji, Baba, na ji."

"To, madalla," in ji Baba, muryarsa da wani laushi da bai saba ji ba.

Ya ɗauka zancen magani ne ko kukan famfo mai yoyo. Ya ce a ransa zai mayar da sautin in ya samu sarari. Ƙarya kuwa in ta yi sauƙi sau ɗaya, ta samu wurin zama. Haka aka yi ta yi wata da watanni. Ka ji? Na ji, Baba, na ji.

Baba bai sake faɗuwa ba. A kan kujerarsa ya cika, wata safiya, fuskarsa na kallon kyamara, hannuwansa a kan cinya. Na'ura ta ga tsoho a zaune, ba ta ga abin ƙara ba. Injiniya na ofis yana gardamar wace waya ta fi wata, alamar nan koriya shar a aljihunsa, har Yaya ta tashi daga makaranta ta tura ƙofa.

Bayan an yi jana'iza mutane sun watse, suka rage su biyu a falon. Yaya tana naɗe kayan Baba, idonta ya kumbura. Ba ta kalle shi ba ta fara magana.

"Kai dai ka more. Ni shara da wanki, kai hira."

"Wace hira?"

"Kada ka raina mini hankali. Sau nawa nake zuwa ranar hutu in tarar da shi gaban abin nan yana zuba kamar an kunna famfo? Mutumin da tun muna yara ba ya haɗa mana magana biyu. In na ce Baba da wa kake, ya ce da ƙaninki, ba ruwanki." Ta goge ido da bayan hannu. "Ya ce mini ido da ido ba ya iyawa, amma ta nan bakinsa yana buɗewa. Ya ce akwai abin da ya daɗe maƙale masa a wuya game da kai, ya faɗa maka, kuma ka ce ka ji. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba. Amma na yi maka murna."

Injiniya ya miƙe zumbur. Ya ce yana zuwa, ya fita ko takalmi bai ɗaura daidai ba.

Da isarsa gida ya shiga ɗakin kwamfuta ya rufe ƙofa. Komai na nan, don wajen ajiya ba a kama shi da sakaci. Ya buɗe bidiyon wata safiya. Ga Baba ya fito ya sa riga mai kyau, ya gyara hula, ya jawo kujera kusa da keken ɗinki, ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa. Bakinsa ya fara motsi. Ɗakin tsit, sai gurnanin fankoki.

Ya buɗe na wata ranar, haka. Na wata, haka. Kowace safiya tsohon nan sai ya yi wanka ya yi shiga kamar mai zuwa ganin babban mutum, sannan ya zauna ya yi magana da ɗansa.

Babu abin da Injiniya bai gwada ba a kwanakin da suka biyo. Ya tone ma'ajiyar ko sautin ya maƙale a wani lungu. Ya tambayi abokansa na intanet, gwanayen da yake taƙama da su, duk suka ba shi amsa ɗaya: abin da ba a ɗauka ba, ba a dawo da shi. Ya kawo manhajar karanta leɓe, amma kyamarar tana sama, gemun Baba ya rufe bakin, ta riƙa fito masa da shirme. Da hannunsa ya kashe, kuma ya kashe da kyau, yadda ya saba yin aikinsa.

Ana haka Yaya ta zo gidan. Ba ta taɓa shiga ɗakin kwamfutar ba, ranar ta shiga, ta ture wayoyi ta zauna a kan kwali.

"Ba na son jin sirrinku," ta ce. "Muryarsa kawai nake kewa. Kunna mini ko kaɗan ne."

Ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya kunna. Wanda ya faɗo hannunsa na makon ƙarshe ne. Baba ya shigo yana jan ƙafa, rungume da wani abu a cikin tsumma. Ya zauna ya warware. Tsohon rediyon nan ne, bayansa a buɗe, yadda yaro ya bar shi. Ashe bai taɓa yar da shi ba.

"Ƙaro sauti," in ji Yaya.

Baba ya ɗaga rediyon ya nuna wa kyamara. Ya yi magana, ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa. Ya nuna rediyon, ya nuna kyamara, ya dafa ƙirjinsa. Sai dariyar ta tsaya, ya ci gaba da magana a hankali, ya daɗe, yana share ido da gefen hula.

"Na ce ka ƙaro sauti."

"Babu, Yaya."

"Kamar yaya babu?"

"Na kashe. Tun da daɗewa."

Ta juyo ta kalle shi. Ya jira ta zage shi, ya so ma ta zage shi. Ta mayar da ido kan allon.

Baba ya gama maganarsa. Ya ajiye rediyon a cinya, ya matso gaba, ya sa tafin hannu a bayan kunnensa mai nauyi, ya karkato da shi wajen kyamara. Ya tsaya a haka. Ya daɗe a haka. Sannan ya gyaɗa kai, irin na uban da ya riga ya nema wa ɗansa uzuri, ya naɗe rediyonsa a tsumma.

"Amsarka yake jira," in ji Yaya. Ta tashi ta ɗauki jakarta ta fita.

Har yau bidiyoyin na nan, ya yi musu ajiya a wurare daban-daban don kada ko ɗaya ya ɓata. Rediyon ma yana kan teburinsa. Wataƙila Baba ya ce masa ya iya, wataƙila gafara ya nema kan dukan nan, wataƙila wani abu ne dabam. Injiniya bai sani ba, kuma babu wanda zai tambaya.

Darasi: Na'ura tana iya tsare maka ƙofa, amma ba ta iya zama ɗa a madadinka, zumunci har gobe a ƙafa yake. Kada kuma ka ce wa tsoho "na ji" alhali ba ka saurara ba, don ba ka san wace magana ce ya tara shekaru kafin ya iya furtawa ba. In naka na raye, tura wannan labarin ga 'yan'uwanka, sannan ka ajiye wayar ka je ka zauna kusa da shi.