Kirarin da Ya Kusa Fille Kan Sarki

A can birnin Gwalgwale mai ƙofa tara da ganuwar jan dutse, an yi wani saurayi, Cindo ɗan Nomau Sankira, jikan Arzika mai bakin ganga, 'yan gidan da tun kaka da kakanni ba su da gona ba su da garke sai harshe. Shi kuwa Cindo har ya fi su, don ko atishawa ya yi sai ya ƙara mata bayani.

Sarkin garin, Jatau, yana da taska cike maƙil da kayan tsafi masu aiki da kansu, da aljanu arba'in da Sarauniyar Aljanu ta ba shi aro su riƙa ɗauko masa. To aljanun nan ga gudu ga ƙarfi, amma ba sa ganin kayan bil'adama, sai rubutun da aka rataya a jikinsu. Wa aka sa ya rubuta? Nomau. Shi kuma me ya iya in ba kirari ba? Ran nan Sarki ya ce a kawo abin da zai sauke masa nauyin kai, aski yake nufi, bawan Allah. Aljani ya duba aska, an rubuta "Siririya, amaryar sarakuna", ya wuce. Ya duba takobi, an rubuta "Gagarau mai sauke abin da ke bisa wuya", ya sunkuto shi. Yana dire shi, takobi ya kai sara da kansa. Da Sarki bai duƙa ba, da wani labarin ake yi. Rawani dai ya tafi, da ɗan guntun kunne. Nan take Sarki ya yi rantsuwa, in kwana bakwai suka cika ba a gyara ba, harshen Nomau za a yanke.

Cindo ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya haye kogin da ke gudu da baya, ya ratsa dajin da itatuwansa ke gulmar mai wucewa, ya keta birnin da mutanensa ke tafiya a jikin bango, bai ci ba bai zauna ba, sai ga shi a fadar Sarauniyar Aljanu, Tafisu, doguwa sambal, mai ido kamar garwashin kirya. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙara na kawo. Bayinki daƙiƙai ne, za su ja wa tsohona harshensa."

Ta ce, "Madalla da mai wayo. A ɗaure masa ido." Aka jera gora uku, ta ce, "Ɗaya ruwa, ɗaya ƙudan zuma, ɗaya mai haɗiye wanda ya buɗe ta. Ga irin rubutun mahaifinka: Uwar zaƙi mai tara jama'a, Mai hutar da matafiyi, Baƙuwar sama. Zaɓi ruwa ka sha."

Cindo ya yi zuru-zuru, ga ƙishi. Ya ce uwar zaƙi. Kafin a kwance masa ido, ƙudan zuma sun mai da leɓensa tulu. Sarauniya ta ce, "Kai ɗan mai rubutun ke nan. Ina ga baƙo?" Sai ta haɗa shi da Dunƙum, aljanin da ya fi kowa kwanyar dutse, ta ce duk rubutun da Dunƙum ya bi daidai sau goma, da tambaya iri goma, shi ne rubutu.

Suka dira a taska saura kwana uku. Cindo ya rubuta wa aska, "Tana yanke gashi", ya ce a kawo abin aski. Dunƙum ya kawo almakashin tumaki. Cindo ya goge, ya sake, ya goge, ya sake, yana kai yana kawo, yana ta sauya tambaya: kaina ya yi duhu, gemuna ya yi yawa, zan je biki. A ƙarshe aska ta samu, "Ta kan mutum da gemu ce, ba ta dabba ba. A faɗa mata ƙwal ko saisaye." Takobi kuwa, "Yana kisa. Kada a ɗauko sai an ambaci yaƙi da baki." Haka suka bi kaya ɗari uku. Nomau ya leƙo ya karanta ya ce, "Ɗan nan, wannan ai tuwo ne ba miya." Cindo ya ce, "Baba, ka bari a bar maka abin lasar miyar tukuna."

Rana ta bakwai fada ta cika, Hauni mai yanke hukunci yana wasa wuƙa, Nomau ya toshe baki da hannu biyu. Sarki ya ja rawani ya rufe wuya, ya maimaita maganarsa ta farko ba ragi: "A kawo abin da zai sauke mini nauyin kai." Dunƙum ya ɓace, ya daɗe. Sai ga shi da aska, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ƙwal ko saisaye?"

A ranar aka naɗa Cindo Sarkin Taska. Nomau, harshe lafiya lau, ya miƙe ya cika ƙirji ya fara, "Zaki ɗan zaki..." Cindo ya riƙo rigarsa ya ce, "A hankali, Baba, Dunƙum na ji. Yanzu sai ya tafi neman keji."

Allah ya sa mu faɗi abin da muke nufi.