Ranar da Saifullah Ya Kauce wa Hanyar Yauri

Jama'a, barkanmu da war haka. Labarin yau ba na dariya ba ne, ku karanta shi a natse.

Akwai wani mahauci a unguwar Tudun Wada cikin birnin Sakkwato mai suna Saifullah. Mutum ne mai ƙwazo a sana'arsa, kuma ba a taɓa jin ya bar mahaifiyarsa, Inna Dijatu, ta nemi wani abu ta rasa ba. Aibinsa guda ne: idan ya ƙullaci mutum, ba ya saki.

Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Tambari. Tare suka gaji teburin naman mahaifinsu.

Wata rana Saifullah ya sayo saniya marar lafiya, ya yanka, zai baza naman a tebur. Tambari ya hana shi a gaban masu saye, ya sa aka kwashe naman aka zubar. Saifullah ya san yayansa ne da gaskiya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne idon mutane. Daga ranar ya daina gaishe shi.

Dattawan kasuwa sun yi sulhu har sun gaji. Da Tambari ya ga abin yana hana Inna barci, sai ya bar wa ƙaninsa teburin, ya kwashi iyalinsa ya koma Yauri yana harkar shanu. Yakan zo gaida Inna lokaci lokaci, kuma duk ranar da ya zo, Saifullah ba ya shiga gidan sai ya tafi.

Haka aka yi shekaru. Daga baya wani bijimi ya take Tambari a kara, wato kasuwar shanu, ƙafarsa ta karye, ya kwanta jinya. Zuwan ya yanke. Ita kuma Inna idonta ya yi rauni, ga ciwon asma da ke tasar mata duk lokacin sanyi, ba ta iya shiga motar haya ita kaɗai. Sai dai su ji muryar juna a waya.

Ana tsakiyar sanyi aka bugo daga Ibadan. Bara'atu, autarsu da ke aure a can, ta haihu bayan dogon jira. Inna ta ce ko da rarrafe sai ta je suna. Saifullah ya ce shi zai kai ta a motarsa, da shi da matarsa Ni'imatu.

Ana gobe tafiya da la'asar, Inna tana zaune gaban kaskon garwashi tana jin ɗumi, ta kira shi.

"Saifullahi, ta ina za mu bi?"

"Ina dai dubawa, Inna."

"Mi za ka duba? Hanyar Jega ce kowa ka bi. Mu kwana Yauri, in duba ƙahwar yayanka, da sahe mu wuce."

Ba ta faɗin sunan Tambari, domin ɗan farinta ne. Saifullah ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Da ya koma ɗaki sai ya zauna da waya yana duba taswira. Hanyoyi biyu ne. Ɗaya ta bi ta Tambuwal da Jega da Yauri da Kontagora, ta sauka Ilorin, ita ce mafi kusa. Ɗayar ta yi gabas ta Gusau da Funtuwa da Kaduna, ta zagaya ta Abuja da Lokoja kafin ta juyo. Ko wanda bai taɓa tuƙi ba ya san zagaye ne mai nisa.

Ni'imatu ta leƙa wayar, ta gane inda ya dosa.

"Maigida, kada ka yi haka."

"Hanyar Yauri ba tsaro."

"Ta Gusau ɗin da tsaro? Kai da kanka ka bi ta Yauri da damina lokacin da kunka kai kaya Ilorin. Tsohuwar ga ba ta da lahiya. In ba ka son shiga gidan, ka sauke mu ƙohwar gida, ka tai ka kwana inda kake so."

"In tsaya ƙohwar gidanai, a ce na kawo kaina?"

"Wa zai ce?"

"Ni'imatu, ni ka tuƙin motar ko ke?"

Ya gargaɗe ta kada ta faɗa wa Inna. Ya ce in Allah ya kai su lafiya, a dawowa sai a duba.

Da safe aka lulluɓe Inna da bargo, aka zaunar da ita a baya. Tana ta murna. Ta sa an ɗaure mata kilishi da yajin jego na Bara'atu, da wani ƙullin daban na jikokinta na Yauri. Tun kafin su bar unguwa ta sa Ni'imatu ta kira mata Tambari, ta ce masa ga su nan tafe.

Da suka iso shataletale, Saifullah ya karya kan mota ya ɗauki hanyar Gusau.

Inna ba ta gani sosai, don haka ba ta lura ba. Can ta ce, "Mun wuce Boɗinga?"

Ya ce, "Da saura, Inna."

An jima ta sake cewa, "Ba mu kai Tambuwal ba har yanzu?"

Ya ƙara ƙarar rediyo.

A Talata Mafara ya tsaya shan mai kusa da tasha. Ta tagar mota Inna ta ji 'yan kamasho suna kiran fasinja, "Gusau! Gusau! Saura mutum ɗaya!" Ta saurara da kyau. Ta juyo wajen Ni'imatu, Ni'imatu ta kau da kai tana share ido.

Da Saifullah ya dawo mota, Inna ta ce a hankali, "Ɗana, wagga ba hanyar Yauri ba ce."

"Inna, an ce mini waccan ta lalace. A dawowa mu biyo."

"To," in ji ta. "Allah shi kai mu."

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ja bargo ta rufe har haɓa. Ni'imatu ta miƙa mata abinci, ta ce ta ƙoshi.

Da yamma ta yi, wayar Inna ta yi ƙara. Tambari ne. Muryarsa tana fitowa har gaban mota.

"Inna, ina kunka kai? Tun azahar ni ke bakin titi bisa kujera. An yanka rago, yara sun ƙi cin abinci sai kin iso."

Saifullah ya riƙe sitiyari da ƙarfi, yana jiran ta tona shi.

Inna ta ce, "Ka koma gida, kada sanyi shi kama maka ƙahwa. Ni ce nic ce mu bi ta Gusau, akwai wadda nike son gani. Ƙaninka ba shi da laihi. A dawowa in sha Allahu."

Tambari ya ce, "Allah shi kawo ku lahiya, Inna."

Saifullah ya yi tunanin juyawa. Sai ya duba nisan da suka riga suka yi, ya ce wa kansa ai aikin gama ya gama.

Sun kwana a wani masauki bayan Kaduna. Ɗakin babu rufi mai kyau, taga ɗaya ba ta rufuwa. Da gari ya waye ƙirjin Inna yana ƙara kamar ana busa. Ni'imatu ta ce a nemi asibiti. Inna ta ce a'a, a tafi, kada su rasa sunan ma.

Kafin su kai Lokoja suka tarar da cunkoso. Wata tirela ta faɗi ta tare hanya, motoci sun yi layi iya ganin ido. Ba gaba, ba baya. Rana ta take, hayaƙin manyan motoci ya cika ko'ina. Inna ta fara kokawa da numfashi. Ni'imatu ta fesa mata maganin shaƙa har ya ƙare, bai yi komai ba.

Saifullah ya fita yana bin motoci yana roƙo a ba shi hanya. Wa zai ba shi, kowa a maƙale yake? Wani ɗan acaba ya ce akwai ƙaramin asibiti a ƙauyen gaba. Saifullah ya goya mahaifiyarsa, aka ɗora su a babur, yana riƙe da ita yana kiran sunan Allah.

Da suka isa, ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta ɗago ta dube shi.

"Sai haƙuri. Ta riga ta cika."

Saifullah ya zauna a ƙasa. Bai ma iya salati ba sai da wani dattijo ya dafa shi ya karanta masa.

Babu halin komawa da gawa Sakkwato a wannan zafi na kudu da wannan cunkoso. Hausawan zangon ƙauyen suka taru. Matansu suka yi mata wanka tare da Ni'imatu, wani mai shago ya kawo likkafani. Matar da rabin Tudun Wada za su fito jana'izarta, sahu biyu na baƙin fuska ne suka sallace ta. A cikinsu babu wanda ya san sunanta sai da aka tambaya.

Saifullah ya kira Bara'atu. Ihun da ta yi ya sa ya janye wayar daga kunne. Da ta iya magana, abin da ta ce shi ne, "Yaya, mi ya kai ku Lokoja?"

Saura Tambari. Saifullah ya laluba wayarsa, sai ya tuna ya goge lambar tun shekarun baya. Da wayar Inna ya kira.

Tambari ya ɗauka da murna. "Inna, kun sauka lahiya?"

"Yaya, ni ne."

Rabon da Tambari ya ji wannan kalma daga bakin ƙaninsa, har ya manta.

"Ina Inna?"

"Yaya... Inna ta rasu. An rufe ta."

Washegari da yamma Tambari ya iso a motar haya, yana dogara sanda, ƙafar ta kumbura saboda zaman mota. Aka kai shi maƙabarta. Ya daɗe tsaye yana addu'a, hawaye na bin gemunsa. Da ya shafa, sai ya juyo.

"Ta ce mini ita ta zaɓi hanyar ga. Gaskiya ne?"

Saifullah ya kasa ɗaga kai. "Ba ita ba ce. Ni ne."

"Na sani," in ji Tambari. "Inna ba ta da kowa a Gusau."

Da za su tafi, Saifullah ya buɗe masa ƙofar mota. Tambari ya dubi kujerar baya inda bargon Inna yake, ya girgiza kai, ya ce a kai shi tasha.

A Sakkwato aka yi zaman makoki. Mutane suna ta zuwa, daga kasuwa, daga Hubbare inda dangin Inna suke, daga ƙauyuka. Kowa ya yi ta'aziyya sai ya tambaya, "Ina anka rufe ta?" Duk wanda ya ji amsa sai ya dubi Saifullah, ya dubi ƙasa. Babu wanda ya zarge shi da baki. Da ma sun zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Ranar da za a tashi daga zaman, bayan mutane sun ragu, Saifullah ya matso ya durƙusa gaban yayansa a kan tabarma.

"Yaya, ka yahe mini."

Tambari ya dube shi, ya ce:

"Saifullahi, ban ce kai ka kashe Inna ba. Kwananta ne ya ƙare, ko ta ina kunka bi sai ta tahi. Amma da ka biyo, da na gan ta. Da ta gan mu zaune tabarma guda kamar yanzu, abin da ta yi shekaru tana roƙo. Haƙƙina na yahe maka, duniya da lahira."

Saifullah ya fashe da kuka, ya kama hannunsa. "Ita hwa, Yaya? Kana ganin ta yahe mini?"

"Wannan ba ni da amsarta."

Saifullah ya tashi ya shiga cikin gida wajen Ni'imatu, domin ita ce ke zaune kusa da Inna a mota. Ya tambaye ta ko Inna ta faɗi wani abu a kansa, ko da kalma ɗaya, mai daɗi ko marar daɗi.

Ni'imatu ta so ta yi masa ƙarya don ya samu sauƙi, amma ta kasa.

"Maigida, tun daga Talata Mafara ba ta ƙara ambaton sunanka ba."

Yau Saifullah da Tambari suna gaisawa, suna ziyartar juna. Yana yi wa Inna sadaka, yana yi mata addu'a bayan kowace salla. Amma waɗanda suka san shi sun ce bai ƙara zama mutumin da yake a da ba. Yakan tsaya da wuƙa a hannu a bakin tebur, mai saye yana magana, shi kuwa hankalinsa ba ya wurin.

Darasi: Ajali ba ya hannun kowa, amma abin da za ka yi wa iyayenka kafin ya zo yana hannunka. Kada girman kai ya zaɓa maka hanya, kuma kada ka ce sai a dawowa, domin ba kowace tafiya ake dawowa tare ba. Idan akwai ɗan'uwan da kake gaba da shi, kira shi yau, tun mai son ganin shirinku tana da rai. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila ya isa ga wanda ke shirin kauce wa tasa hanyar. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba mu ikon faranta wa waɗanda suke raye.